Tasirin Hayaniyar Zafi a Kan Killatacciyar Jijjiga a Saƙar Atom Mai Karkataccen Martani: Duba Daga Ma'adinin Maika na Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da zafi ke yi wa killatacciyar jijjiga, wato makamashin da ke taruwa a kan atom ɗaya ko 'yan kaɗan a cikin kiristal, ya daɗe a wurin bai bazu ba. An yi bitar ra'ayoyin masana daga 1955 zuwa 2014, an kuma yi lissafi bisa ƙa'idar Boltzmann, sannan aka ɗauki ma'adinin maika nau'in muskobait, wanda ake samu a duwatsun ƙasar Birnin Gwari, a matsayin abin auna ra'ayoyin. Hujjar maƙalar ita ce tasirin hayaniyar zafi ya rabu gida biyu. Jijjigar da ke zaune wuri ɗaya zafi ne ke haifar da ita, kuma yawanta na ƙaruwa da ƙaruwarsa. Wadda ke tafiya a cikin saƙa kuwa, zafi rage mata zango yake yi. Don haka bai kamata a haɗa shaidu biyu da aka samu daga maika a ƙarƙashin bayani ɗaya ba sai an auna kowannensu a matakan zafi daban-daban.

1.0 Gabatarwa

Yawancin abubuwa daskararru, daga gishiri zuwa ƙarfen garma, atom ne jere bisa tsari, kowanne yana riƙe da maƙwabtansa. Wannan tsari shi ake kira saƙa a nan. Atom ɗin ba a tsaye cik suke ba. Kowanne yana jijjiga a mazauninsa sau tiriliyan ɗaya zuwa goma a daƙiƙa guda, kuma jimillar wannan motsi ita ce hannu ke ji a matsayin zafi. Tunda motsin ba shi da tsari, kowane atom yana shan ture-ture daga maƙwabtansa ta kowace fuska ba ƙaƙƙautawa. Wannan ture-ture shi ne hayaniyar zafi.

Ƙa'idar da aka saba koyarwa a ajin kimiyyar lissafi da fiziks tana ɗauka cewa ƙarfin da ke mayar da atom mazauninsa yana tafiya daidai da nisan da ya goce: in ya goce ninki biyu, ƙarfin ma ninki biyu. Wannan shi ne miƙaƙƙen martani. A irin wannan saƙa, duk makamashin da aka zuba a wuri ɗaya zai watsu a matsayin igiyoyin motsi da ake kira fonon. Amma in gocewar ta yi yawa, martanin yakan karkace, sai yawan bugun atom, wato sau nawa yake kai-komo a daƙiƙa, ya dogara ga faɗin lilonsa. Lilon yara da aka ɗaure a reshen bishiya yana nuna haka. In aka tura shi kaɗan, lokacin zuwansa da dawowarsa ba ya canzawa. In aka tura shi har igiyar ta kwanta daidai da reshen, lokacin yakan ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Da za a jera lilo da yawa a haɗa su da siririyar igiya, wanda ke babban lilo zai saɓa wa takun maƙwabtansa, kuma saboda wannan saɓani ba zai iya miƙa musu makamashinsa ba. Abin da ke faruwa ke nan a killatacciyar jijjiga.

Hujjojin lissafi da suka tabbatar da samuwar wannan jijjiga an gina su ne a kan saƙar da ba ta da zafi ko kaɗan. Babu kiristal irin wannan a doron ƙasa. Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi uku: ko hayaniyar zafi na iya haifar da killatacciyar jijjiga, tsawon wane lokaci take barinta da rai, da kuma abin da take yi wa wadda ke tafiya.

Dalilin ɗaukar maika shi ne a cikinta ne aka yi iƙirari mafi ƙarfi game da wannan batu a zafin ɗaki. Ƙasar Birnin Gwari, har da Gayam da dajin da ke kewaye da ita, tana zaune a kan tsoffin duwatsun gindi waɗanda suka sha matsa da zafi kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. A cikinsu akwai zirin duwatsun shist na Birnin Gwari da na Kushaka, masu yawan maika. Masu wankin zinari a rafukan yankin sun san ta sarai: ita ce ƙyalƙyalin nan mara nauyi da ke yawo a saman kasko ruwa ya tafi da shi, alhali zinari yana nutsewa ƙasa. In aka sami babban yanki, ana iya ɓare shi da farce falle-falle, har a kai ga falle mai haske da ake ganin hannu ta cikinsa.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tushen wannan fage shi ne aikin da Fermi da Pasta da Ulam da Mary Tsingou suka yi da kwamfutar MANIAC a Los Alamos ta Amurka, wanda rahotonsa ya fito a 1955. Sun kwaikwayi sarƙar ƙwayoyi 32 zuwa 64 mai ɗan karkataccen martani, suna sa ran makamashi zai rabu daidai-wa-daida a tsakanin dukkan salon motsi. Maimakon haka sai ya riƙa komawa kusan inda ya fara. Daga nan aka gane cewa karkacewar martani ba lallai ta kai ga watsuwar makamashi da sauri ba.

Kafin 1988, yawancin masana suna danganta killacewar jijjiga ga aibin kiristal ne, ko dai baƙon atom a cikin saƙa, ko rashin tsari irin wanda Anderson (1958) ya bayyana. Ko da yake masana a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, irin su Kosevich da Kovalev (1974) da Dolgov (1986), sun riga sun hango abin, aikin Sievers da Takeno (1988) ne ya jawo hankali ga cewa saƙa lafiyayya, wadda ba ta da aibi ko ɗaya, tana iya killace jijjiga. MacKay da Aubry (1994) suka kawo cikakkiyar hujjar lissafi. Sun fara da saƙar da atom ɗinta ba su haɗe ba, suka nuna cewa jijjigar atom guda tana ɗorewa in aka ƙara haɗin a hankali, muddin yawan bugunta da duk ninkinsa ba su faɗa cikin zangon fonon ba. Flach da Kladko da MacKay (1997) suka ƙara da cewa a saƙa mai fuska biyu ko uku, galibi akwai mafi ƙarancin makamashin da jijjigar ke buƙata kafin ta samu.

Ta ɓangaren zafi, ayyuka uku sun fi tasiri. Dauxois da Peyrard (1993) sun nuna cewa in killatattun jijjigogi suka yi karo a saƙa, babbar ce ke ƙwace makamashin ƙaramar. Tsironis da Aubry (1996) sun ɗumama sarƙa a kwamfuta sannan suka sanyaya bakunanta biyu, suka ga fonon sun fice da wuri, amma killatattun jijjigogi sun tsaya, har suka sa hucewar sarƙar ta yi jinkiri fiye da yadda tsohuwar ƙa'ida ta tanada. Rasmussen da abokan aikinsa (2000), sai kuma Rumpf (2004), sun bayyana abin ta fuskar ƙididdiga, kamar yadda za a gani a 4.1.

A ɗakin gwaji, shaida mafi tsafta ta fito ne daga saƙar da ɗan Adam ya ƙera. A shekarar 2000, Trías da Mazo da Orlando a Amurka, da Binder da abokan aikinsa a Jamus, sun ga killatacciyar jijjiga a jerin mahaɗan Josephson, a sanyin da bai wuce 'yan digiri na Kelbin ba. Sato da abokan aikinsa (2003) a Jami'ar Cornell sun gan ta a jerin ƙananan sanduna masu lilo da aka sassaƙa a kan silikon. A waɗannan gwaje-gwaje ana ciyar da saƙar da makamashi daga waje, kuma hayaniyar zafi ƙarama ce in aka kwatanta da makamashin jijjigar.

A kiristal na halitta kuwa, maganar ba ta daidaita ba. Manley da abokan aikinsa sun ba da rahoton sabon salon jijjiga a ƙarfen yuraniyam a wajen Kelbin 450 (2006), da kuma a gishirin sodiyam ayodaid a Kelbin 555 (2009), suka fassara su a matsayin killatattun jijjigogin da zafi ya haifar. Sievers da abokan aikinsa (2013) sun yi shakkar fassarar ta fuskar lissafi, sannan Kempa da abokan aikinsa (2014) suka sake auna sodiyam ayodaid da nutron ba su ga alamar ba. Wannan saɓani yana da muhimmanci ga maƙalar, domin ya nuna cewa wurin da ake fi buƙatar shaida, wato kiristal mai zafi, shi ne wurin da ta fi wuyar samu.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin ya dogara ne ga samfurin sarƙar atom iri ɗaya, kowanne mai nauyi m, yana zaune a cikin ramin makamashi V, yana haɗe da maƙwabtansa biyu da ƙarfin haɗi C. In xₙ ita ce gocewar atom na n, motsinsa a gaban zafi yana bin tsarin da Langevin ya kawo a 1908:

m xₙ″ = −V′(xₙ) + C(xₙ₊₁ − 2xₙ + xₙ₋₁) − mγ xₙ′ + ξₙ(t)

Kashi biyu na ƙarshe su ne gudummawar zafi. Na farko gogayya ce mai ƙarfin γ, wadda ke zuƙe makamashi. Na biyu, ξₙ, shi ne ture-ture mara tsari. Ba a zaɓar su barkatai, domin ƙa'idar da ta haɗa hayaniya da gogayya ta tilasta ƙarfin hayaniyar ya zama 2mγkT, inda T ke nufin zafi a ma'aunin Kelbin, k kuma adadin Boltzmann, wato 8.617 × 10⁻⁵ na elektron-bolt a kowane Kelbin. Daga nan za a taƙaita elektron-bolt da eV.

In gocewa ƙarama ce, fonon suna da yawan bugu ω da ke bin ω² = ω₀² + (4C/m) sin²(q/2). Abin lura shi ne zangon yana da ƙasa, ω₀, yana kuma da rufi. Rufin ya samu ne domin saƙar atom ce ɗai-ɗai, kuma babu igiyar motsin da za ta gajarce fiye da tazarar atom biyu. Killatacciyar jijjiga tana zama ko dai a ƙasa da zangon, in ramin V mai laushi ne, ko a sama da rufin, in mai tauri ne.

An yi amfani da ma'auni guda wajen kwatanta dukkan sakamako, wato E/kT, makamashin jijjigar a kan makamashin da zafi ke ba kowane salon motsi. A Kelbin 300, kT ya kai 0.026 eV. A digiri 300 na Salshiyos, wato Kelbin 573, ya kai 0.049 eV. Alƙaluman da ke sassan 4.1 da 4.3 an fitar da su ne kai tsaye daga waɗannan da kuma sanannun siffofin muskobait.

4.0 Nazari

4.1 Hayaniya a Matsayin Mai Haifarwa

A saƙar da zafinta ya daidaita, yiwuwar makamashi E ya taru a wuri ɗaya tana tafiya kusan da exp(−E/kT). In jijjigar tana buƙatar 1 eV, wannan adadi ya kai 1.6 × 10⁻¹⁷ a Kelbin 300, amma a Kelbin 573 ya kai 1.6 × 10⁻⁹. Zafin bai ma ninka biyu ba, yiwuwar ta ninka sau miliyan 100. Ko canjin yanayi na yau da kullum yana da tasiri. In aka ɗauki falle na maika a digiri 15 na asubahin hunturu, aka kwatanta da shi a digiri 40 na tsakar ranar bazara, yiwuwar haihuwar jijjiga mai 1 eV ta ninka kusan sau 25. Ga mai buƙatar 0.2 eV kuwa, ninkin bai kai biyu ba. Wannan ya nuna cewa mafi ƙarancin makamashin da Flach da abokan aikinsa suka gano shi ne ke yanke hukunci. A sarƙa mai fuska ɗaya, inda sau da yawa babu wannan shinge, ƙananan jijjigogi suna haihuwa cikin sauƙi. A shimfiɗa mai fuska biyu, irin ta atom ɗin fotasiyam a maika da za a gani a 4.3, sai an tsallake shingen.

Tsallakewar ba sai ta faru a bugu ɗaya ba. Hayaniya tana tara ɗan makamashi nan da can, ƙananan tarin suna yawo suna karo, babba yana cin ƙarami kamar yadda Dauxois da Peyrard suka nuna, har ɗaya ya yi girman da zai kafe a kan atom guda. Da zarar ya kafe, yawan bugunsa ya yi nisa da zangon fonon, sai ya daina zubar da makamashi da sauri.

Za a iya tambaya ko wannan taruwa ba ta saɓa wa doka ta biyu ta ilimin zafi ba, wadda ke cewa entrofi, ma'aunin yawan hanyoyin da za a iya rarraba makamashi, ba ya raguwa. Amsar Rumpf tana da gamsarwa, ko da yake ta taƙaita ga saƙar da ke adana adadi biyu a lokaci guda, makamashi da kuma jimillar ƙarfin lilo. A irin wannan saƙa, in makamashi ya wuce wani mataki, hanya mafi yawan entrofi ita ce a jibge rarar a kan 'yan atom kaɗan, sauran saƙar ta sami damar yin motsi mara tsari iyakar iyawarta. Killacewa a nan ita kanta doka ta biyu ce ke tura ta. Sai dai a kiristal na gaske makamashi kaɗai ake adanawa, don haka wannan bayani yana aiki ne a matsayin kusantawa, a lokacin da lilo bai yi faɗi sosai ba.

Cubero da Cuevas da Kevrekidis (2009) sun ƙara wata fuska. In ana girgiza saƙa daga waje da bugu mai tsari, akwai matakin hayaniya na tsaka-tsaki da ya fi kowane haifar da killatattun jijjigogi. In hayaniyar ta yi kaɗan ba za a tsallake shinge ba, in ta yi yawa za ta rushe abin da ta gina.

4.2 Hayaniya a Matsayin Mai Rushewa

Rushewa tana zuwa ta hanyoyi biyu. Ta farko, ture-turen maƙwabta yana sa yawan bugun jijjigar ya riƙa tangaɗi, kuma duk lokacin da shi ko ninkinsa ya taɓa zangon fonon, makamashi ya sami ƙofar fita. Ta biyu, hayaniya na iya tunkuɗa jijjigar daga atom ɗaya zuwa na kusa, ta haye shingen da ake kira na Peierls da Nabarro, kuma kowane tsalle yana zubar da wani abu. Sakamakon haka, a saƙa mai zafi babu jijjiga madawwamiya irin ta MacKay da Aubry. Akwai dai taron jijjigogi da ake haifa suna mutuwa, kuma waɗanda suka fi makamashi sun fi daɗewa, kamar yadda kwaikwayon Ivanchenko da abokan aikinsa (2004) ya nuna.

A nan akwai tarkon da ya kamata ɗaliban da ke kwaikwayon kwamfuta su kiyaye. In aka sanya gogayyar Langevin a kan kowane atom, makamashin duk wata babbar jijjiga zai ragu a cikin lokaci kusan 1/γ, ko da yawan bugunta ya yi nisa da zangon fonon. Tsawon ran da aka auna a irin wannan kwaikwayo, γ ɗin da mai bincike ya zaɓa ne ya ƙayyade shi. Wannan ya dace da samfurin Peyrard da Bishop (1989) na ƙwayar gado ta DNA, wadda ke nutse cikin ruwa, ruwan yana taɓa kowane sashe nata. Bai dace da cikin kiristal ba, inda babu abin da ke taɓa atom sai 'yan uwansa. Ga kiristal, abin da ya dace shi ne a ɗumama saƙar, a cire gogayyar daga tsakiya, a bar ta a bakin iyaka kawai.

4.3 Shaidu Biyu Daga Maika

Muskobait, KAl₂(AlSi₃O₁₀)(OH)₂, an gina ta ne hawa-hawa. Tsakanin kowane hawa biyu na silikat akwai shimfiɗar atom ɗin fotasiyam, kaurinta atom guda, a jere bisa tsarin kusurwa shida, tazarar kowane biyu kimanin nanomita 0.52. Haɗin da ke wannan shimfiɗa shi ne mafi rauni, shi ya sa farce ke iya ɓare ta a nan. Tana jure zafi na ɗaruruwan digiri kuma ba ta wuce da lantarki, dalilin da ya sa ake samun falle nata a cikin dutsen guga na lantarki. Ga masanin saƙa, shimfiɗar fotasiyam saƙa ce mai fuska biyu da halitta ta tanada.

Shaida ta farko ta fito ne daga Jami'ar Sevilla ta Sifaniya. An lura cewa muskobait tana rikiɗa zuwa wani silikat na lutetiyam a digiri 300 na Salshiyos, wato kimanin digiri 600 ƙasa da zafin da aka saba buƙata ga irin wannan rikiɗa, wadda sai an karya haɗin atom an sake ginawa. Archilla da abokan aikinsa (2006) sun ba da bayani cewa, ko da yake killatattun jijjigogi a shimfiɗar fotasiyam ba su kai fonon yawa ba, waɗanda makamashinsu ya haura shingen rikiɗar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Dubinko da Selyshchev da Archilla (2011) sun faɗaɗa bayanin da cewa jijjigar tana sa tsayin shingen kansa ya riƙa hawa da sauka. A ra'ayin wannan maƙala, ƙarfin bayanin yana wurin daɗewa ne. Ƙididdigar Boltzmann ce ke ƙayyade sau nawa makamashi mai yawa zai taru a wuri, amma tarin da fonon suka yi bisa katari yakan watse cikin bugu ɗaya ko biyu, shi kuwa killatacce yana tsayawa a kan haɗi guda na bugu masu yawa, yana ba shi damar karyewa. Wannan jijjiga zaunanniya ce, 'yar zafi ce, kuma ana sa ran tasirinta ya ƙaru da ƙaruwar T.

Shaida ta biyu daban take. Tun shekarun 1960, masanin Birtaniya F. M. Russell ya lura da baƙaƙen layuka na magnetait a cikin manyan fallayen muskobait. Kaɗan daga cikinsu sawun ƙwayoyi ne masu caji da suka ratsa kiristal ɗin, amma mafi yawansu suna bin layukan saƙar fotasiyam sak, suna haɗuwa a kusurwar digiri 60. Bayaninsa shi ne wani dunƙulen makamashi ne ke gudu a kan layin atom, ƙarfen da ke narke a cikin maikar yana taruwa a sawunsa lokacin da dutsen ke hucewa a ƙarƙashin ƙasa. Tushen dunƙulen yana cikin fotasiyam ɗin kansa. Kashi 0.0117 cikin 100 na fotasiyam nau'in 40 ne, mai rabin rai na shekaru biliyan 1.25. Kusan kashi 89 cikin 100 na rubewarsa zuwa kalsiyam yake yi, yana harba elektron, atom ɗin kuma yana ja da baya da makamashin da zai iya kai wa kusan 40 eV, wato fiye da kT na zafin ɗaki sau 1,500. Tunda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin muskobait fotasiyam ne, giram guda nata yana samun irin wannan rubewa kimanin sau uku a kowace daƙiƙa. Haka yake a kowane falle da ke cikin yashin rafin Birnin Gwari.

Russell da Eilbeck (2007) sun gwada ra'ayin. Sun harba ƙwayoyin alfa a gefe ɗaya na kiristal a Kelbin 300, suka gano atom na fita daga ɗaya gefen, nisan milimita 7, a daidai fuskar layukan saƙa. Nisan ya haura tazarar atom miliyan 13. Lissafi mai sauƙi yana nuna nauyin wannan iƙirari. Ko da an yarda dunƙulen ya rasa kashi 90 cikin 100 na makamashinsa a hanya, abin da zai rasa a kowane taki ɗaya bai kamata ya wuce kashi 2 cikin miliyan 10 ba. Kuma kowane atom da zai bi ta kansa yana jijjiga da 0.026 eV ta kowace fuska, ya ɗan goce daga layi. Kwaikwayon Marín da Eilbeck da Russell (1998) ya nuna cewa killatacciyar jijjiga na iya tafiya a kan layi a saƙa mai kusurwa shida, amma wannan saƙa ce mai sauƙi, kuma tsakanin ta da kiristal mai zafi akwai rata babba. Girman E/kT yana taimaka wa dunƙulen, domin turi guda na zafi ƙarami ne a gabansa. Yawan takun kuwa yana aiki a kansa, domin ƙananan asarori miliyan 13 ne ke taruwa.

A nan ne rabuwar take. Shaidar Sevilla tana buƙatar zafi domin abin ya samu. Shaidar Russell tana buƙatar abin ya tsira duk da zafi. Kasancewar an samo su daga ma'adini ɗaya da shimfiɗa ɗaya ya sa ake yawan ambatonsu tare, amma tabbatar ɗaya ba ta tabbatar da ɗayar.

4.4 Gwajin da Zai Raba Gardama

Gwajin 2007 an yi shi ne a mataki ɗaya na zafi, kuma mataki ɗaya ba ya nuna yadda abu ke canzawa da T. In dunƙule mai tafiya ne ke fitar da atom, kuma fonon na zafi ne ke rage shi, to adadin da ke isa ɗaya gefen zai bi exp(−L/ℓ), inda L ke nufin faɗin kiristal, ℓ kuma matsakaicin zangon da dunƙulen ke ci kafin ya watse. Yawan fonon yana ƙaruwa da zafi, don haka ℓ zai gajarce. Auna siginar a Kelbin 77 na ruwan naitirojin, da 300, da 573, a kan fallaye masu faɗi daban-daban, zai ba da ℓ a kowane mataki. Sigina mai raguwa da zafi za ta goyi bayan dunƙule mai tafiya. Mai ƙaruwa da zafi za ta nuna cewa wani abu ne da ke tsallake shinge da taimakon hayaniya, kamar yaɗuwar atom ta cikin tsaga ko ta saman falle.

Wani ɓangare na wannan aiki yana iya yiwuwa a gida. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004. Ƙarfinsa, kimanin kilowat 30, bai isa a auna jijjigar atom da nutron irin yadda Manley ko Kempa suka yi ba, amma ya isa a tantance yawan fotasiyam da ƙarfe a cikin samfur, kuma ƙarfen ne ke nuna ko maikar za ta iya ajiye sawu. Matsalar rashin tsaro da ta addabi dajin Birnin Gwari shekaru da dama tana nufin tattara samfur zai dogara ga haɗin kai da masarauta da masu haƙar ma'adinai na yankin, waɗanda suka san ramukan. Maikar da ke cikin shist ƙanana ce ƙwarai, ba za ta yi wannan aiki ba. Abin nema shi ne ta duwatsun fegmatait, masu manyan ƙwayoyi, kuma masana duwatsu sun lissafa yankin Kushaka da Birnin Gwari cikin filayen fegmatait na Nijeriya. Falle da za a ɗauka ya zama faɗinsa ya kai santimita ɗaya ko fiye, babu tsaga, babu lanƙwasa, a yanke gefensa daidai da layin saƙa, a kuma rubuta ramin da aka ciro shi da zurfinsa, domin tarihin hucewar dutsen yana cikin abin da za a fassara.